Hotunan da Baba Ya Sa wa Maki

Shagon gyaran waya nake zama a Ƙanƙara, kusa da tasha, kuma rabin waɗanda ke kawo mana waya babu abin da ya lalace a cikinta. Cika kawai ta yi. Mutum zai shigo yana huci, wai an sayar masa da jabu, ta daina ɗaukar hoto, saƙo ba ya shigowa. In ka buɗe sai ka tarar da furannin barka da Juma'a na shekara da shekaru, da bidiyon wa'azi guda ɗaya da aka turo masa ta ko'ina. Ni Alhaji mai shagon ke miƙa wa irin waɗannan, in zauna ina gogewa ɗaya bayan ɗaya, mai wayar na tsaye a kaina yana cewa a'a bar wannan, a'a dawo da wancan. Ni kuwa ko a gidanmu ba a san ni da haƙuri ba. Wata rana na ce wallahi ba don wannan na karanta kwamfuta ba, na koma ɗakina na fara rubuta wata 'yar manhaja da za ta sa kowa ya share kayansa da hannunsa.

Abin ba shi da wani tsari mai wuya. Manhajar tana jera duk hotunan da ke cikin waya a ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, sahu-sahu, kamar gidajen dara. In ka taɓa hoto sai ɗan maki kore ya hau kansa, irin wanda malamin makaranta ke sa wa amsar da ta yi daidai. In ka sake taɓawa ya sauka. Can ƙasa akwai maɓalli guda ɗaya da zanen ɗan kwandon shara mai murfi, irin wanda ke cikin kowace waya. In ka danna shi, duk abin da ke da maki ya tafi ke nan, babu dawowa. Da gangan na yi haka, tunda fili ake nema, ban ga amfanin a kwashe shara daga ɗaki a tara ta bayan ƙofa ba.

Makin nan ne ya ba ni wahalar da ban zata ba. Wata tela da ke kawo mana wayarta ita ta fara kama ni. Ta sa wa hotunan wasu tsofaffin ɗinkuna maki, ta ja allon ƙasa, da ta dawo sama sai ga makin a kan hoton sunan jikanta. Ta dube ni ta ce, "Yarinya, abin naki aljanu gare shi." Ba aljanu ba ne. Waya ba ta zana dukkan gidajen nan lokaci guda, 'yan kaɗan ɗin da suka cika allo su take juyawa, kamar mai tuwon tasha da ke wanke kwano ta zuba wa na gaba. Ni kuma a jikin kwanon na manna makin, ba a kan abin da ke ciki ba. Na gyara, na sa manhajar ta riƙa tuna cewa na kaza a jeri shi aka zaɓa. Wannan ma bai yi ba, don da zarar sabon hoto ya shigo sai ya ture kowa gaba, makin ya tsaya inda yake ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai a karo na uku na gane. Kowane hoto yana da lambarsa a cikin waya wadda ba ta canzawa, ko an ture shi ko an juya jerin. Na buɗe wuri guda, daban da allon, inda ake ajiye lambobin waɗanda aka zaɓa. Duk gidan da za a zana sai ya fara dubawa can, in lambarsa na ciki ya ɗauki maki, in babu ya zo haka nan. Daga nan makin ya daina yawo. Da ya rage wata matsala, cewa in kira ya shigo ko caji ya ƙare duk aikin mutum ya zube, sai na sa ana rubuta lambobin a memorin wayar kanta. Ka kashe waya, ka jefa ta akwati, ka ɗauko bayan sati, makinka na nan yana jiranka. Na ji daɗin kaina ƙwarai a kan wannan, har Alhaji ya gaji da jin labarin.

Mahaifina a Faskari yake, manomin dawa da masara, kuma ni na saya masa wayar da yake riƙewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Inna, mahaifiyata, ta rasu kafin duk wannan ya faru. Ita mace ce da ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. In ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ko ta shige ɗaki tana cewa ita ba 'yar fim ba ce. Ni da na matsa mata sau ɗaya, sai da ta yini ba ta yi mini magana ba. Don haka ba ni da hotonta ko ɗaya. Amma Baba yana da dabara. Sai ya ce zai ɗauki sabon rumbu, ko katangar da aka yaɓe, ko tumaki, ya ɗan karkata hannu ya kama ta. Na san da haka ne don wata rana na zo wucewa ta bayansa na hango fuskarta a allon, ya kife wayar a cinya kamar ba komai. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ta ina zan fara cewa ubana ya turo mini hoton matarsa? Mutumin da ko sunanta ban taɓa jin ya kama ba.

Farkon kaka na je gida, ya ce wayarsa ta ƙi ɗaukar komai. Na duba, furannin Juma'a ne kamar na kowa. Na sa masa manhajar, kuma da yake ina sauri kada in rasa motar Sheme da zan bi in koma Ƙanƙara, a tsaye na nuna masa. Na ce, "Baba ka ga, in ka taɓa maki ya hau, in ka ƙara taɓawa ya sauka. Kada ka yi gaggawa, ba ya gogewa. In ka gama sai ka danna wannan na ƙasa, wayar ta yi fili." Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Baba ajami yake karantawa, boko bai dame shi ba, saboda haka 'yar tambayar da ke fitowa kafin a share, wadda na rubuta da boko, ba ta da wani amfani a wurinsa. Ban yi tunanin wannan ba a lokacin, na ɗauki jakata na tafi.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni wajen azahar. Shagon ya cika, wani direba na yi mini ihu a kan caja, na maƙale wayar a kafaɗa ina amsa Baba da rabin kunne. Ya ce yana tasha, zai tahi wajen ƙanensa a wani ƙauye bayan Sabuwa, su ware irin masara. Sai ya ce, "Uwata, abin nan naki na da kyau hwa. Ko na kashe waya na kunna, makin na nan. Na kusa gamawa. Na sa wa na Innarku duka, da na gona. Tarkacen furannin nan ban ko taɓa su ba. In na gama sai in zuba su cikin ɗan mazubin nan mai murhi ko?" Na ce, "Eh Baba, eh, haka ne, Allah ya kiyaye hanya." Na ajiye waya na juya kan direban.

Sai da na miƙa masa cajarsa ya fita sannan maganar ta dawo mini daga farko. Na sa wa na Innarku duka. Na kira Baba, wayar ba ta shiga. Na sake kira, na kira ƙanen nasa, shi ma shiru, don ƙauyen nasu sai an hau tudu ake samun sabis, tudun ma sai in an yi sa'a. Na tura saƙon murya na ce kada ya danna komai, na zauna ina kallonsa yana juyi bai tafi ba. Duk hotunan Inna da ke duniya suna cikin wayar nan, kowanne da makinsa kore a kai, kuma ni da bakina na ce masa eh.

Na ce wa Alhaji zan tafi gida. Ya ce, "Yanzu? A kan hoto?" Na ce Alhaji don Allah kada mu yi haka da kai yau. Ya dube ni, ya ga babu wasa a fuskata, ya ce to in dai na isa Faskari kada in kuskura in kama hanyar Sabuwa da yamma, saboda 'yan bindiga. Wannan ko bai faɗa ba na sani, babu direban da zai yarda ma.

Na isa gida la'asar sakaliya. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar Inna, ta ce tun kafin azahar ya fita. Na shiga madafa in ɗebi ruwa, na ɗaga kai sai ga damman iri a rataye saman murhu inda hayaƙi ke samunsu, kamar yadda suke kowace shekara tun ina ƙarama. A nan na tsaya da moɗa a hannu na gane yadda aka yi. Baba ba ya jira a girbe kafin ya zaɓi iri. Tun dawa na tsaye yake zagaya gona, in ya ga zangarniya mai kyau ya ƙulle mata ganye, ko ya ɗaura ɗan tsumma. Masu yanka sun sani, mai tsumma ba a haɗa ta da sauran. Abin da ba a sa wa alama ba shi ke zuwa turmi. Haka yake yi da awaki ma, wadda ya ɗaura wa zare a wuya ba ta zuwa kasuwa. Duk rayuwarsa bai taɓa ɓata lokaci yana sa wa abin zubarwa alama ba, abin da ake so ya rayu shi ake sa wa. Ni ma a gidan na tashi, na sha riƙe masa tsummokaran a bakin gona, amma ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba ina rubuta manhajar.

Kwandon kuwa, na buɗe tawa wayar na dube shi da idon Baba. Wani ɗan abu ne mai kyau da murfinsa. A gidanmu abin da ke da murfi abin ajiya ne, tulun man shanu, kwallar Inna, tukunyar daddawa. Shara a juji ake zubar da ita, wa ya taɓa yi mata murfi? Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, ko ni ko wanda ya fara zana kwandon. Gwaggo ta ajiye mini tuwo, na taɓa kaɗan na ture. Ta tambaye ni lafiya, na ce mata saƙo ne na gaggawa zan kai wa Baba, don ita ma ba zan iya ce mata hoton Inna nake bi ba.

Da safe na shiga motar farko. Wanda ya san hanyar Sabuwa ya san ba a hira a cikinta sosai. Ramuka ne, ga daji ta kowane gefe, in an zo wasu wuraren sai ka ji kowa ya yi tsit, wata tsohuwa a bayana tana ta jan carbi. Ina jin tsoron hanyar kamar kowa, ba zan ɓoye ba. Amma duk lokacin da motar ta faɗa rami, abin da nake gani shi ne babban yatsan Baba, mai kaushi, yana sauka kan maɓallin nan. Na san halinsa, in ya idar da sallar asuba yakan zauna kan buzu ya ɗan taɓa waya kafin gari ya waye sosai. Na ce a raina ai ya riga ya danna, ya buɗe ya ga furanni kaɗai suka rage masa. Sai in ce a'a, ai ya ce bai gama ba. Haka na riƙa yi da kaina har muka shiga gari, na hau acaɓa zuwa ƙauyen.

Na same su ƙarƙashin ɗorawa a ƙofar gida, shi da ƙanensa, ga tulin masara a gabansu suna ware masu cikakken ido gefe guda. Tun daga nesa nake karanta fuskarsa, ban ga komai ba. Ina sauka na ce, "Baba ina wayarka?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "A Ƙanƙara an daina gaisuwa ne?"

Na durƙusa na gaishe shi, na gaida ƙanensa, aka tambayi hanya, aka tambayi Gwaggo, aka tambayi Alhaji mai shago da iyalinsa, ni kuwa kamar in fashe. Sai da aka gama tas sannan ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya zaro ta, a naɗe cikin leda saboda ƙura. Na karɓa na buɗe manhajar.

Suna nan. Makin na nan reras, kore a kan kore, ga Inna a bakin rijiya, ga ta tana tankaɗe, ga ta ta juya baya da tsintsiya a hannu. Na zauna daɓas a kan masarar mutane. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Na yi alhamdulillahi ban san sau nawa ba, hawaye na zuba, kuma ina dariya. Ƙanen Baba ya ce, "Ikon Allah, mi ya samu ɗiyar nan?" Ya ga abin na uba da 'ya ne, ya tashi ya ce bari ya sa a kawo fura.

Na yi wa Baba bayani a hankali. Na ce wanda aka sa wa maki shi ke tafiya, kuma ɗan mazubin nan kwandon shara ne. Ya daɗe yana kallon wayar a hannuna. Can ya ce, "Wato wanda mutum ya tsaya ya duba, ya sa mashi hannu, shi za a kashe. Wanda bai kula ba shi za a bari."

Na ce, "Haka duk wayoyin duniya suke, Baba."

Ya ce, "To duk wayoyin duniya ba su taɓa noma ba. Kuma ke da hankalinki kika yi wa shara murhi?"

Na ce ba ni na zana ba, haka na tarar. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Na ce shi ma ai da ya tambaya tun a gida. Ya ce ya tambaya, a tasha, kuma wata mai ilmi ta ce mashi eh. Amma ko faɗan daɗi yake mini, tunda ana yinsa ne hotunan na nan.

Sai na tambaye shi abin da ke cina tun a mota. Na ce, "To Baba me ya hana ka dannawa?"

Ya ɗauki masara ɗaya yana juyawa. Ya ce, "Saura guda ban gani ba." Ya ce ba a rufe rumbun iri alhali an san akwai dami a gona. Tunda na ce masa makin ba ya gogewa, bai ga abin gaggawa ba, kullum in ya samu sarari sai ya sake bi daga sama har ƙasa yana nema. Da tsohuwar manhajar nan mai zubar da maki in kira ya shigo na sa masa, da tun ranar farko ya gama ya danna don kada aikinsa ya lalace.

Na ce to ai abin ya zo da sauƙi. Akwai wani maɓalli da na ɓoye a gefe, wanda telar nan ta sa na ƙara, mai juya zaɓi. In an danna shi duk mai maki ya sauke, duk marar maki ya ɗauka. Na ce sai in juya, mu share tarkacen, na Inna su zauna, wayar ta yi fili. Har na kai yatsa.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Zamna tukuna, Uwata. Ke kullum sauri. In wanda nike nema yana cikin tarkacen hwa?"

Na janye hannuna. Na ce wane hoto ne? Ya ce, yana kallon masarar ba ni ba, ranar da wata jar akuya ta sa kai cikin kwaryar dusa ta kasa fitarwa, tana ta zagaya tsakar gida tana karo da turmi. Ya ce ya ɗaga waya zai ɗauki akuyar, Innarku na gefe tana dariya har da riƙe ciki, ta manta ba ta rufe fuska ba. Ya ce ya san ya kama ta. Ya ga hoton da idonsa sau da yawa a da. Amma a cikin abin nan nawa ya bi ya bi, babu.

Na san akuyar. Inna ce ta ba ni ita tana 'yar ƙarama, lokacin da na gama makaranta. Na ja jerin ƙasa ina neman jan abu, ban daɗe ba na gan ta, akuya da kwarya a kai, ita kaɗai a cikin ɗan gidanta, babu maki. Na nuna masa. Ya ce, "Wannan na gan shi, akuya ce kawai. Wanda nike nema da mutum a ciki." Ina kallon ɗan gidan nan mai kusurwa huɗu sai na gane. Hotunan waya dogaye ne ko masu faɗi, ni kuma don jerin ya yi kyau na sa ana yanko tsakiyar kowanne a cusa cikin gidan, a bar gefe da gefe. Inna kuwa ba ta taɓa tsayawa tsakiyar hoto ba.

Na danna na riƙe, hoton ya buɗe gaba ɗayansa. Ga akuyar a tsakiya. Can gefen dama, dab da inda hoton ya ƙare, ga Inna, kallabinta ya zame, bakinta a buɗe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a jikin katanga. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin ta kwanta ciwo. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu. Na juya ina kallon kajin da ke tsattsagar masara, don kada in ga fuskarsa ya ji nauyi.

Da ya dawo mini da ita sai na ce, "Baba, in wannan ya ɓuya, to akwai wasu." Muka gyara zama. Duk hoton da ya ga bai sa wa maki ba, na rumbu, na katanga, na tumaki, na buhunan taki, muka riƙa buɗe shi gaba ɗaya. Sau da yawa babu kowa. Amma wani sai ka ga hannunta da faifai a ƙasan hoton, wani rabin fuskarta ta bayan zana, wani ƙafarta kawai da lallen Sallah. Akwai wanda aka ɗauki sabuwar garma, tana can nesa tana shanya, ta waiwayo tana hararar mai ɗaukar. Baba ya yi 'yar dariya ya ce ranar ya sha faɗa. Duk waɗannan da na juya zaɓin nan da sun bi furannin Juma'a. Aka kawo fura da sanyinta ta koma ɗumi ba mu sha ba, har aka kira azahar muna kai.

Ban share ko hoto ɗaya ba ranar. Na cire manhajar daga wayarsa gaba ɗaya bayan na rubuta lambobin da ya zaɓa a wani wuri, na ce sai na gyara. Da na koma Ƙanƙara na gyara ɗin. Yanzu tun kafin ka taɓa komai tana tambayarka, da murya ba da rubutu ba, ko waɗanda kake so ka ajiye za ka sa wa maki ko waɗanda za ka zubar. Hoto kuma yana fitowa da gefensa duka, ko jerin ya yi kyau ko bai yi ba. Kwandon na cire shi na sa tsintsiya. Tsofaffin da ke zuwa shagon kusan duka na ajiyewa suke zaɓa, Alhaji har mamaki yake.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da za mu tashi, ina naɗe masa wayar cikin ledarta, ya ce in dakata. Ya sa na sake buɗe hoton jar akuyar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini yana kallon wani wuri daban.

Ya ce, "Akuyar nan ai taki ce, Uwata. Ki kwashi hotonta ki tahi da shi."

Na ce to, Baba. Na tura shi cikin wayata, da gefensa duka.